Ranar da Na Nome wa Ummi Karatunta

Tun da na dawo daga Amurka ba a bar ni na sha iska ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na tafi duba shinkafa a biyo ni har bakin fadama. Wani labarin dogayen gine-gine yake so, wani kuma so yake ya ji ko da gaske jirgi yana bi ta ƙarƙashin ƙasa. Na gaji da maimaitawa, ga shi kuma duk sanda nake ba da labarin akwai wani wuri da nake tsallakewa. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, har da wurin tsallaken, kowa ya karanta ya huta, ni ma in huta.

Ga wanda bai san ni ba, malamin firamare ne ni da na yi ritaya, ina noman shinkafa a fadamar Haɗejiya. 'Yata ta uku sunan mahaifiyata ta ci, don haka Ummi ake ce mata, ni kuwa Uwata nake kiranta. Shekararta huɗu a birnin New York tana karatun digirin digirgir. Abin da take karantawa kuwa ciyawa ce, ciyawar da take fitowa a bakin teku cikin ruwan gishiri.

Duk wanda ya san garinmu ya san dalilin da wannan ya tsaya mini a rai. Mu a nan ciyawar ruwa abokiyar gaba ce. Kacala ta toshe mana hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta hana masunta jefa taru, tsuntsayen jan-baki suka mai da ita gida suna fitowa su kwashe mana shinkafa. Rabin rayuwata na yi ina shiga gayya da lauje, ruwa har ƙirji, matsattsaku na shan jinina, don a kashe ciyawa. Sai ga 'yata ta haye teku tana renonta. Ta sha ƙoƙarin yi mini bayani a waya, ni kuwa sai in ce, "To madalla, Allah ya taimaka," in miƙa wa mahaifiyarta.

Dalilin tafiyar saƙo ne. Ummi za ta gama kafin damina mai zuwa, amma an yi mata tayin ta ƙara shekara biyu tana aiki a kan ciyawar, ta ce ba za ta karɓa ba sai mun yarda. Mahaifiyarta, Hajiya Delu, ta ce sam. Ta riga ta sa an shafe ɗakin Ummi da farar ƙasa, ta sayi sabon labule ta rataya. Da takardar gayyatar da Ummi ta nema mini ta fito, sai ta ce in je in ga 'yar da idona, in faɗa mata baki da baki cewa karatu ya isa haka. Ban yi musu ba, don ra'ayina ke nan ni ma.

Ba zan ɓata muku lokaci da hanyar Kano da Abuja ba, kun san ta. Jirgin sama kuwa zama ne kawai, zaman da har ƙafafuna suka ƙi shiga takalmi. Labari ya fara ne a inda ake binciken kaya. Wani ma'aikaci ya tambaye ni ko na shiga gona kwanan nan. Turancinsa ta hanci yake fita, sai da ya maimaita. Na ce ai ko ranar da na bar gida sai da na leƙa. Nan take aka ja ni gefe. Kilishin da Hajiya ta naɗe cikin zani uku aka ɗauke, aka bar mini kuka da daddawa bayan an shinshina an yamutsa fuska. Sannan aka karɓi takalmana aka wanke su da burushi da magani, ina tsaye da safa. Na tambayi dalili, mutumin ya ce gudun kada wani iri ko wata cuta ta gonarmu ta shigo musu cikin laka. Na yi dariya a raina, ƙasa mai girman nan tana tsoron ƙwayar ciyawa. Daga baya na tuna ita ma kacala ba wanda ya ga ranar da ta fara, sai dariyar ta tsaya.

Ummi tana zaune a wata unguwa da ake kira Park Hill, a tsibirin Staten. Ɗakinta ita da wata ma'aikaciyar jinya ne, don haka aka sauke ni a bene na sama, wurin Alhaji Mumuni, direban tasi, mutumin Zangon Kumasi. Hausarsa daban ce da tamu, amma cikin kwana biyu kunnena ya saba. Matarsa ta ciyar da ni wake da shinkafa irin nasu, jawur da karan dafi, da wani baƙin yaji da ya sa na yi hawaye a gaban mutane. Da safe koko da ƙosai, kamar ban bar gida ba. Abin da na kasa sabawa da shi shi ne rashin gaisuwa. A akwatin nan mai hawa da mutane bene, sai in yi sallama ga kowa, Baƙaƙenmu su amsa, sauran su zuba wa lambobi ido. Alhaji Mumuni ya ce kada in ji haushi, ba wulaƙanci ba ne, kowa sauri yake yi ko da yana tsaye.

Ranar Juma'a ya kai ni Morrisania, can wani ɓangaren birnin. Mun hau bas, mun hau jirgin ruwa, mun shiga na ƙarƙashin ƙasan da kuke tambaya, kuma da gaske ne. Bayan an idar, ƙofar masallacin ta koma kamar kasuwar kan iyaka, ga Hausar Kano, ga ta Nijar da Faransanci a ciki, ga ta Gana. Wani dattijo ɗan Damagaram ya tambaye ni me 'yata take karantawa. Na ce kimiyya. Ya ce wace iri? Na ce irin ta bincike. Kunya ce ta hana ni faɗin ciyawa, kuma Alhaji Mumuni yana ji.

A jirgin ruwa muna komowa ya ɗauko maganar. Ya ce shekarun baya an yi wata guguwa, teku ta hau tsibirin nan ta shiga gidajen mutane, motarsa ta farko a ranar ta nutse inda ya ajiye ta. Ya ce tun daga lokacin mutanen wurin suka daina raina ciyawar bakin ruwa, don ita take riƙe laka, ita take karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gidaje.

"Malam, 'yarka ya yi ƙoƙari paa," in ji shi, don su mace da namiji duk ɗaya suke kira, "paa" kuma sosai ke nan. "Next time ka faɗi ciyawa da ƙarfi."

Na ce to, amma a zuciyata ban sauka daga inda nake ba. Kwana goma sha biyu na yi saƙon Hajiya yana bakina. Kullum Ummi ta dawo da yamma, ta kawo mini abinci ta durƙusa ta gaishe ni, in buɗe baki sai in ga yadda ta rame, in ce gobe.

Rana ta goma sha uku ta ce za ta kai ni wurin aikinta. Muka fita bayan asuba, don ba agogo ne yake tsara musu aiki ba, teku ce. Abin da fadamarmu take yi a shekara, ta cika ta janye, tasu sau biyu take yinsa kowace rana. Wurin yana bayan wasu manyan tankunan mai, babbar hanya na gefe, jiragen sama na wucewa ta ka. Aka ba ni takalmin roba mai kai wa ƙirji. Lakar baƙa ce, warinta na baragurbi, ƙananan ƙaguwa suna ta tserewa cikin ramuka.

A bakin hanya akwai wata doguwar ciyawa mai tuta a ka, ta fi ni tsawo, ta yi cunkus. Ummi ta ce, "Baba, ga kacalarsu." Ta ce daga wata ƙasa ta zo, ta danne na gida, kuɗi da ƙarfi ake sawa ana yaƙi da ita. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai. Na ce ashe dai su ma sun san akwai ciyawar banza.

Da muka ƙara gaba sai ta tsinko mini ganyen wata, mai kama da shinkafa kafin ta yi ciki, ta ce in lasa. Gishiri ne fari a jikin ganyen. Ta ce ruwan teku take sha ta fitar da gishirin ta ganye, shi ya sa take rayuwa inda shinkafata ba za ta kwana uku ba. Ta ja ni ta nuna mini wasu halittu masu ɓawo kamar makankari manne da saiwarta. Fuskarta ta canja tana maganar. Ni kuwa hankalina ya rabu biyu, rabi yana wurin zare ƙafata daga laka, rabi yana shirya yadda zan faɗi saƙon a hanyar komawa. Na san ta yi dogon bayani lokacin da muka iso wasu fangaloli da aka kafa wa fararen bututun roba a kusurwa huɗu. Na ga bakinta yana motsi, na gyaɗa kai, amma ko kalma ɗaya ban riƙe ba.

Ta kifa mini bokiti a wuri mai tauri ta ce in huta, za ta bi rafin nan ta sami malamarta su ɗebi ruwan gwaji, ba za su daɗe ba.

Na zauna ina kallon fangalolin. Goma sha biyu ne. A kowanne ga ciyawar nan mai gishiri an dasa ta layi-layi, dashen hannu, tazara daidai, aikin da ko ni ba zan kushe ba. Amma tsakanin layukan an bar shi ya lalace. Wata 'yar gajeriyar tsiro mai gaɓa-gaɓa, ba ganye, mai ruwa a jiki, ta fara yin ja, ta bazu ko'ina. Ga wata mai ƙananan furanni, ga wata siririya tana rarrafe. Na ce a raina, yarinyar nan aiki ya yi mata yawa, ga rama, ba mai taimaka mata. A garinmu uba ba ya zama kan bokiti gonar ɗansa tana neman maimai. Kuma gaskiya akwai wani tunanin a ƙasan wannan. Na san zan ɓata mata rai da yamma, ina so in riga in yi mata wani abin kirki.

Hannuna ya fara ƙaiƙayi. Na naɗe hannun riga na sunkuya.

Lakar tana da taushi, ciyayin ba su da zurfin saiwa, aikin ya yi ta gudu. Ban taɓa layin dashe ko ɗaya ba. Duk fangalin da na gama sai in tara abin da na cire a kusurwarsa, saiwa sama, kamar yadda mahaifina ya koya mini. Har 'yar waƙar gayya nake yi ƙasa-ƙasa. Na gama biyar, tas, na miƙe ina dafe da ƙugu, sai na hango Ummi tana tahowa da kwalabe a hannu.

Ta tsaya. Ta ajiye kwalaben a hankali, ta zo ta durƙusa a bakin fangali na farko ta ɗauki ɗaya daga cikin jajayen tana juya ta. Ni har lokacin ina jiran sannu da aiki.

"Baba," ta ce, muryarta ƙasa, "su ne karatun."

Na ce ban gane ba.

"Wadda ka bari mu muka dasa, mun san ta. Waɗanda ka cire su ne suka zo da kansu. Su nake jira shekara biyu, in ga wa zai zo, yaushe, wa zai zauna. Saura sati biyu su zubar da iri."

Na sha jin kunya a rayuwata, amma irin wannan ban taɓa ji ba. Na tsaya da laka har gwiwar hannu, tsohon malamin makaranta, wanda ya shekara talatin yana dukan tebur yana cewa yara su saurara.

Ta share ido da bayan hannu, sai ta lura da tarin da ke kusurwa. Ta dubi na biyu, ta dubi na uku. Ta tambaye ni ko na haɗa na wani fangali da na wani. Na ce wa yake haɗawa, kowanne nasa yana kusurwarsa. Ta miƙe zumbur ta dubi rafin. Ruwa ya juyo, ga shi wata ya kusa cika, ta ce na ranar zai hau har inda muke ya kwashe komai. Ta zazzage jakarta ta fito da ledoji da alƙalami. Tana rubuta lamba, ina ɗurawa, muna bin fangali ɗaya-ɗaya. Kafin mu ɗaure ta biyar ruwa ya rufe mana idon sawu.

A haka malamarta ta same mu, wata tsohuwar Baturiya mai furfura, fuskarta duk rana ta ƙone ta. Ummi ta yi mata bayani. Matar ta daɗe tana kallon fangalolin, sannan ta tambaye ni minti nawa na yi. Na ce bai kai awa ba. Ta ce a duk ɗalibanta ba ta taɓa samun mai tsabtar hannu haka ba, ta yi 'yar dariya da ba ta raini ba. Amma ba ta ɓoye gaskiya ba. Abin da ke ledoji za a iya ƙirgawa a auna, na bana bai salwanta duka ba. Sai dai irin bai zuba ba, na kuma tattake ƙasar. Fangaloli bakwai ba za su isa a kafa hujja ba. Biyar ɗin sai an sake bin su wata shekarar. Ma'ana, Ummi ba za ta gama kafin damina ba.

A hanyar komawa abu ɗaya nake ta juyawa a rai. Ni da aka aiko in taho da ita, na ƙara mata shekara da hannuna.

Bayan la'asar ta hawo da abinci kamar kullum, ta durƙusa ta ajiye. Idanunta sun kumbura. Ta juya za ta fita na ce ta zauna. Ku da kuka haifa kun san nauyin abin da zan faɗa, a wurinmu uba ba ya furta shi, sai dai ya sayo wa yaro wani abu a wuce wurin. Na duba ban ga abin da zan sayo ba.

"Uwata, ki yafe mini."

"Haba Baba, kada ka faɗi haka. Taimako ka yi niyya."

"Ba cirar nake nufi ba. Shekara huɗu kina faɗa mini ban saurara ba. Yau ma kin faɗa."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan hijabinta. Na ce in ba ta gaji ba ta fara mini daga farko. Ta sauka ta ɗauko wani babban littafi da ta manna busassun tsirrai a ciki. Ta nuna mini wadda take zama can gaba inda ruwa ke rufe ta kullum, da mai laushi ta tudu wadda take kwantawa kamar an taje ta, da 'yar jar da na fi cirewa, wadda ita ce take fara sauka a ƙasar da gishiri ya hana kowa, ta yi mata inuwa har wasu su samu shiga. Na yi tambayoyi kamar ɗan aji uku. Da ta zo kan yadda tsayin ruwa da daɗewarsa suke zaɓar wadda za ta rayu, sai na ce ai kacala ma ba ta kama mu ba sai da ruwa ya daina janyewa da rani. Ta ɗago ta dube ni. Ta ce abin da ya kawo ta ke nan tun farko, tana so ta gane wannan sosai kafin ta koma fadamarmu, kuma ta faɗa mini haka a shekararta ta fari.

Sannan na faɗa mata saƙon mahaifiyarta. Ta ce ta sani, tun ranar da na sauka take jiransa, kuma in mun ce ta dawo za ta dawo ko da ba ta gama ba. Na ce ta gama shekarar da na ƙara mata, ta kuma karɓi biyun da aka yi mata tayi. Na ce ba don na yi ɓarna nake biya ba, don na gani ne. Hajiya kuwa ta bar ni da ita.

Faɗar hakan a bene na shida a New York ta fi sauƙi a kan faɗarsa a tsakar gidana. Na kwana biyu da dawowa ina raba tsaraba ina kewaye-kewaye. A rana ta uku Hajiya ta same ni a ƙofar ɗakin Ummi ta ce, "Malam, yaushe za ta taho?" Na ba ta labarin duka, har bokitin, har ledojin, ban rage komai ba. Na ce shekara uku, ɗaya laifina, biyu yardata.

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta shiga ɗakin ta ɗauko kujera ta taka, ta sauke sabon labulen. Ina tsaye tana naɗe shi, ninki bayan ninki, tana shafa shi da tafin hannu. Ta buɗe akwati ta sa shi a ƙasa, ta rufe, ta zauna a kai ta daɗe.

"In ta kira ranar Juma'a kada ka tsaya dogon gaisuwa, ka ba ni ita," in ji ta. "Ina so ta faɗa mini mece ce wannan ciyawar. Ni ba sai na cire ba zan saurara."